Daminar da Anka Hana Inna Sauke Baƙi

Ruwan bana gardama yake yi. Hadari sai shi taso daga gabas, shi yi baƙi ƙirin kamar da gaske, iska ta kwashe shi ta ƙetare gulbi da shi, mu a bar mu da zufa. Shekaranjiya da la'asar ina zaune ƙofar gida ina kallon wanga abu, sai ga samarin unguwa wai ana nemana wurin taro. Wai wani ya gina gida mai ɗakuna da yawa tsakiyar unguwa, shina ba baƙi hayar kwana biyu kwana uku, ta waya ake kamawa. Masu sayen zinari ne da 'yan biki, motoci sun tare hanya, janareta ba ya hutawa. Ana so dattawa su haɗa baki a kai ƙara a hana. Wai ni ma yanzu dattijo ne.

Na ce su yi gaba. Ban je ba. Mai yiwuwa suna da gaskiya, janareta ba daɗin ji gare shi ba. Amma ni ba a ɗaukar bakina a hana mutum sauke baƙo, kuma da sun san daminar da munka yi ni da Inna da ba su taka ƙofata ba.

Daminar da ta biyo bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato ce. Ina saurayi lokacin, na bar makaranta tun aji biyu na sakandare. Ba kora ta anka yi ba, benci ne ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi. Na yi dako kasuwa, na yi yaron jirgi, na ari babur na yi kabu-kabu har mai shi ya amshe abinshi. Ba ni iya wuni wuri ɗaya. Sanda ne sunana, amma da yake ni ne ɗan fari Inna ba ta faɗinshi, Sha-yawo take ce mani.

Baba fatoman kifi ne kafin ya rasu. Fataken kifi daga kudu, yawancinsu mata, in sun zo Yelwa wurinshi suke sauka. Shi ba su wurin kwana, shi haɗa su da Sarkawa masu kamu, su sayi ɗanye su yi banda nan gidanmu, kwana biyu ko uku mota ta kwashe su. Ya gina masu shago, wato ɗakin baƙi, can ƙarshen gida, inda filinmu ya gangara wajen gulbi. Da ya rasu Inna ba ta rufe shagon ba. Ita ke yi masu tuwo, ita ke dafa ruwan wanka, ni in yi masu jagora bakin ruwa in na ga dama. Su kuma in za su tafi su aje abin masauki, su bar garin rogo, su bar manja cikin kwalba, da gutsattsarin kifin da ya karye wurin banda. Da shi muke miya. Da wanga shago da gonarmu ta tudu Inna ke riƙe da ni da ƙannena.

Shekarar nan ruwa ya yaudare mu. Ya sauka da wuri, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ruga ya yi shuka. Gero ya fito gwanin kyau, ya kai tsawon tafin hannu, sai sama ta ɗauke. Rana ta buɗe. In ka taka ƙasar gona da hantsi sai ka ɗaga ƙafa. Ganyen gero ya naɗe kamar tsinke, ya yi fari, ka murza shi ya zama gari. An fita roƙon ruwa, mun juya riguna, yara sun zagaye gari suna waƙa. Sa'ad da ruwan ya dawo gero ya riga ya tafi. Inna ta saida akuyarta munka samo irin dawa da maiwa munka sake shuka, kuma kowa ya san su ba su nuna sai can bayan damina. Rumbunmu kuwa in ka leƙa ƙasanshi kake gani.

Cikin wanga hali anka yi shela.

Dama tun da anka ba mu jiha gari ya ɗau wani zazzaɓi. Kowa na faɗin yanzu mun zama mutane, sai a gyara, sai a share, kada manyan baƙi su zo su raina mu. Maƙwabcinmu Alhaji Labbo ya samu kwangila Birnin Kebbi, ya dawo ya shafe gidanshi da fenti shuɗi. Shi ne ya fara ƙorafi. Hayaƙin banda na shiga mashi ɗaki, ƙarni ya hana shi shan iska, ƙuda, motar kifi na tare mashi ƙofa, matan kudu na magana da ƙarfi gaban iyalinshi. Hayaƙin kam na shiga, ba zan ce ƙarya yake ba. Amma hayaƙin nan ya girme fentin.

Mai shela ya tsaya bakin rijiya bayan la'asar. Mai Unguwa na gaishe ku. Daga yau ba a sauke baƙon haya cikin gidan aure. Ɗan'uwa na jini shi kwana, amma mai biya shi tafi gidan baƙi na bakin tasha. Duba-gari zai zagayo, wanda anka kama shi kuka da kanshi.

Inna na daka sa'ad da anka yi shelar. Ba ta tsaya ba. Taɓaryar dai ta ƙara nauyi, har turmin na matsawa.

Washegari na tafi zauren Mai Unguwa. Na durƙusa na yi gaisuwa yadda ake yi, sannan na ce, "Ranka shi daɗe, gida nawa ke sauke baƙi unguwar nan in ba namu ba? Ai da an aiko an faɗa muna, ba sai an wahal da mai shela ba."

Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan Kulu mai gudun makaranta?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"Aji ya gagare ka zama, shi ne ka zo ka koya mani riƙon unguwa?"

"Ban zo koyarwa ba. Na zo tambayar mi za mu ci."

"Abin da kowa ke ci. Ba ni na hana ba ni kaɗai, dattawa sun zauna, hukuma ta sa baki. Gidan aure ba tasha ba ne. Tashi ka ba ni wuri."

Gidan baƙin da ake faɗi, giya ake saidawa gabanshi, kuma babu inda za ka kafa banda. Wace matar aure za ta kwana can da kwandunanta? Kasuwa ta ci, ta sake ci, shagonmu na rufe. Fatake sunka fara wucewa kasuwar Warra.

Sai ga Kawu Maidamma, yayan Inna, ya zo daga Shanga. Ya leƙa rumbu, ya leƙa tukunya, ya samu wuri ya zauna. Mutumin kirki ne, ba da mugunta ya zo ba.

Ya ce, "Kulu, ba ku kai kaka haka. Da ruwa ya cika yadda babban jirgi zai iya matsowa, zan zo in kwashe ku. Ga ɗaki can, ga shinkafa. Gidan nan a rufe shi, ko a ba Alhaji, na ji shina son faɗaɗa nashi."

Inna ta ce, "Yaya, ka tuna ranar da anka tashe mu daga gungu?"

Tsibirin da anka haife su take nufi, wanda ruwan dam ya cinye tun tana amarya.

"Na tuna."

"Ranar na ɗauki tukunyata bisa kai, ina waige har kan giginyarmu ya ɓace. Wannan ruwa ne ya tashe ni, shi ba a yi mashi gardama. Labbo ba ruwa ba ne."

"Yunwa fa?"

"Ka zo da jirgin naka. In ka iske ba hayaƙi gidan nan, ni da kaina zan ɗaure kaya."

Haka sunka rabu. Daga ranar duk safiya sai na dubi gulbi in ga ko ya fara tasowa, don na san tasowarshi ita ce zuwan Kawu.

Yunwar damina daban take da ta rani. Ko'ina kore shar, ido na ƙoshi ciki na kuka. Da safe Inna ta dama ɗan kunu tsararo, ƙannena su sha, ni in ɗau kalme in kama hanyar gona. Ciyawa ba ta san ana yunwa ba. Ka yi kunya ɗaya ka miƙe sai ka ga duhu-duhu, ka dafa ƙota har shi wuce. Mutanen ƙabilar Kambari da ke maƙwabtaka da gonarmu su sunka cece ni. Gayya suke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, sunka sa ni ciki ba tare da na roƙa ba. Suna noma suna waƙa da harshensu, suna yi mani dariya wai kalme na tsoron ɗan birni. Da rana matansu su kawo dafaffen wake da ganye, a zauna a ci tare. Da maraice gida kwaɗon tafasa ne, ko rama da ɗan ƙuli, wata rana Inna ta bi mata su shiga fadama su ciro bado. Na ci bado har na ƙi jinin ganin furenshi. Yaran yanzu in an ce yunwa suna nufin an makara da abinci. Kanti na nan kusa, a jiƙa taliyar leda. Mu lokacin ko kana da abin saye, hatsin ne ya ɓuya.

Wata ranar kasuwa na baro gona da wuri na gangara bakin ruwa. Lokacin gulbi ya janye ƙwarai, kamar yadda yake yi kafin sabon ruwa ya iso. Tsakanin bayan gidajenmu da ruwa fili ne fetal, laka da ciyawar burgu, shanun Fulani na kiwo. Can na iske Iya Risika zaune bisa kwandunanta, yayyafi na dukanta. Bayarabiya ce daga Ilori, tun ina rarrafe take sauka gidanmu.

Ta ce, "Sanda! Kai yaro ba ta da kunya. Ni na goya ka, yau ka bar ni cikin ruwa kamar agwagwa?"

"Iya, ba mu ba ne, doka ce."

"Doka ta san ni? Ni na san babanka. Ina zan kwana, cikin kwando?"

Kusa da mu akwai tsoho na ɗinkin taru ƙarƙashin rumfa. Sarkin Ruwan mashiginmu ne, shi ke raba faɗan masunta, shi ke faɗin inda za a sa taru da inda ba a sawa. Abokin Baba ne. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wa ya hana ta kwana?"

"Mai Unguwa, Baba Sarki."

"Mai Unguwa na da ƙasa. Da mi ta zo?"

"Da mota."

"To ta zo ba daidai ba. Ubanka bai faɗa maka ba? Wanda ya zo ta ruwa ya kafa turke ya ɗaure jirginshi, baƙona ne. Inda turken yake nan ne masaukinshi, shi kwana shi tashi. Mai tudu bai taɓa shi sai ya kwance igiya. Tun muna gungu haka yake, kuma ban ji an yi shelar sake shi ba."

Na ce, "In na ɗauko ta da jirgi daga mashigin kasuwa fa?"

Sai lokacin ya dube ni. "Ni abin da na sani, in ga jirgi, in ga turke. Ban tambayar mutum inda ya karya kumallo."

Ranar ban tsaya cin abinci ba. Na ari ƙaramin jirgi wurinshi, na tura Iya ta taka zuwa mashigin kasuwa tana zagina, na tuƙa na ɗauko ta da kwandunanta na dawo da ita daidai inda ta tashi. Na saro reshen kirya na fiƙe, na kafa shi cikin laka da dutse, na ɗaure igiya. Kafin magariba na ɗaga bukka da zana da burgu. Da na hau gida na faɗa ma Inna, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce, "Ta ci abinci?" Ta ɗora tukunya da ɗan garin da ya rage.

Kasuwa ta gaba Iya ta zo da wasu mata. Bukka ta zama biyu. Munka sauko da gangunan banda daga gida, munka jera su bakin ruwa. Aikin kuwa ya ninka. Da asuba in tuƙa in ɗauko su ko in kai su wurin masu kamu, in dawo in ruga gona, in dawo in faskara itace jiƙaƙƙe wanda sai ka hura har idonka ya yi ja. Inna ta ɗauko tuwo bisa kai ta gangaro cikin laka, zane ɗage, santsi na ɗibarta. Sauro kuwa ba a magana. Matan nan sai su shafa kananzir da man gyaɗa, su zauna cikin hayaƙi da gangan. Amma gari ya dawo gidanmu, manja ya dawo, kan kifi ya koma cikin miya. Ƙannena sunka daina kwanciya da rana.

Alhaji Labbo ya kai ƙara. Duba-gari ya zo ya tsaya bisa gangare ya hango mu, ya tambayi ko bukkokin na cikin unguwa. Anka ce mashi filin nan rabin shekara ƙarƙashin ruwa yake. Ya juya ya tafi.

Sai ruwa ya fara tasowa. Farin ruwa muke ce mashi, wanda ke zuwa tsakiyar damina da launin kunu, shina ɗauke da itace da kainuwa. Ka kwana ka tashi ka iske ya ci inda ka taka jiya. Duk 'yan kwanaki sai in tumɓuke turke in ƙara gaba da shi, mu kwance bukkoki mu ɗauki zana bisa kai mu hau. Zanar ta ruɓe, igiya ta tsinke, hannuna duk kanta. Ni da ba ni iya zama wuri ɗaya, ranar nan na samu aikin da ya dace da ni, gidan da ba ya zama.

Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, irin wanda tsuntsaye ke yin shiru kafin ya iso. Iska ta fara zuwa, ta ɗaga rufin bukka ɗaya gaba ɗaya ta jefa shi gulbi. Ruwa ya sauko kamar da ƙwarya. Munka faɗa bisa kwandunan busasshen kifi da jikinmu, da tabarmi, da zannuwa, duk a banza. Kifin da anka wahala ana banda ya jiƙe ya yi laushi. Da ruwan ya tsagaita Iya ta zauna cikin laka tana jujjuya kifin ɗaya-ɗaya. Ba ta yi zagi ba, shi ya fi tayar mani da hankali.

Inna ta gangaro, sunka zauna tare. Can Iya ta ce, "Uwar gida, ni ina son ki. Amma kifi ba na ni kaɗai ba, akwai masu jira. In na dawo babu ɗaki mai rufi, Warra zan wuce. Kada ki ji haushi."

Inna ta ce, "Ba ni jin haushi. Allah shi kai ki lafiya."

Da sunka tafi na zauna ina duban shagon Baba. Ga shi nan sama da ni kaɗan, rufin kwano, daɓe busasshe, kulle. Tsakaninshi da ruwa bai fi jifa ba. Baba da duwatsu ya yi mashi gindi, don in gulbi ya cika maƙil har nan yake kawowa. Kullum ruwa na ƙara matsowa. Wanga ruwa shi zai kawo Kawu, kuma shi nake roƙo shi yi sauri. Na kafa kara bakin ruwa da maraice, da safe in iske ya nutse, in yi murna, sannan in tuna da jirgin Kawu.

Ana jajibirin kasuwa ruwan ya iso. Na fito da safe na iske shina lasar duwatsun gindin shago. Na shiga na ce, "Inna, ruwa ya zo. Amma ƙofar shago cikin gida take kallo. Sai an fasa wata ta baya."

Tana tankaɗe. Ta daɗe tana kaɗa rariya. Da hannunshi Baba ya gina bangon nan, ita ta ɗebo mashi ruwan kwaɓi.

Ta ce, "Fasa."

Na ɗau diga na fasa. Na jera katako daga sabuwar ƙofa zuwa ruwa, na kafa turke jikin dokin ƙofar, har igiya na taɓa bango. Da la'asar na ɗauko Iya da mata biyu daga mashigin kasuwa. Jirgi ya zo ya dunguri dutse. Iya ta fito ta shiga ɗakin, ta buga ƙafa bisa daɓe, ta ɗaga kai ta dubi kwano, ta yi guɗa irin tasu har kajin Alhaji sunka watse.

Ba a daɗe ba sai ga Mai Unguwa da kanshi, Alhaji Labbo na biye. Ta cikin gida sunka yi sallama, Inna ta ja mayafi ta ce su shigo. Sunka tsaya ƙofar shago ta ciki, suna hangen ruwa ta sabuwar ƙofa. Na riga na aika an faɗa ma Sarkin Ruwa, ga shi can zaune cikin jirginshi, ya riƙe turkena da hannu ɗaya.

Alhaji ya ce, "Ranka shi daɗe ka gani da idonka. Ɗakin da anka hana, shi ne dai."

Mai Unguwa ya ce, "Sarki, wanga wane irin wasa ne?"

"Ba wasa. Ga jirgi, ga turke."

"Ɗakin bisa ƙasa yake."

"Bukkokin ma bisa ƙasa suke, ba ka yi magana ba. Ni ban hau wurinka ba, ruwa ne ya hau. In kana da magana ka yi da shi."

Iya ta leƙo ta ce, "Alhaji, sannu. Matarka ta ce in aje mata tarwaɗa mai kyau, in kawo ko za ta aiko?"



Mai Unguwa ya shafa gemu. Ba wawa ba ne, ya san in ya taɓa baƙon Sarkin Ruwa gobe babu masuncin da zai gaishe shi. Ya kuma san in ya juya hakanan shelarshi ta zama abin dariya. Can ya ce, "To. Tunda ɗakin na ruwa ne, ba shi cikin unguwata. In ba shi cikin unguwata, ba shi da ƙofa cikinta. A toshe wagga ta ciki, a ja katanga. Baƙo kada ƙafarshi ta taka gidan nan. Banda ma can ƙasa. Kulu, kin ji?"

Ya zaci za ta yi roƙo. Ɗakin mijinta ne za a raba ta da shi.

Inna ta ce, "Na ji, ranka shi daɗe. Sha-yawo, ɗebo ƙasa."

Suna tsaye ta ɗaure zane ta shiga kwaɓi da ƙafarta. Ni ina miƙa mata curi tana ɗorawa. Mai Unguwa ya ga abin ba na tsayawa ba ne ya juya. Alhaji ya tsaya bakin zaure ya ce mani, "Kai, ruwan nan fa komawa zai yi."

Na ce, "Shi koma, Alhaji. Dawarmu ta fara ciki."

Kafin rana ta faɗi ƙofar ta toshe. Daga ranar in Inna ta gama tuwo sai ta kife turmi gindin katanga, ta hau, ta miƙo akushi ta sama, ni in amsa ta wancan gefe. Ni kaina in zan je shagon sai in zagaya ta lungu in shiga ruwa har gwiwa. Hira ma ta saman katanga suke yi da Iya, kai kaɗai ake gani.

Ana haka wata safiya, rana ta ɗan ɗago, na ji ƙarar inji. Babban jirgi ne daga wajen Shanga, fanko, an shimfiɗa tabarmi ciki don kaya. Kawu na tsaye gaba. Ya kashe inji, jirgin ya sulalo, ya duba inda zai ɗaure bai ga komi ba sai turkena. Ya ɗaure.

Ya tsaya shina kallo. Gangunan banda na hayaƙi, mata na fere kifi suna surutu, ga sabuwar ƙofa, ga katanga ɗanya. Ya ce, "Sanda, mi nake gani haka? Ina uwarka?"

Kan Inna ya ɓullo saman katanga.

"Yaya, sannu da hanya. Ya ruwa?"

"Kulu, mi kike yi bisa turmi kamar yarinya? Ina ƙofar?"

"An toshe."

"Wa ya toshe?"

"Ni."

Ya dube ni, ya dube ta. "Na zo kamar yadda munka yi. Ku fito da kaya tun rana ba ta yi zafi ba."

"Cewa na yi in ka iske ba hayaƙi. Dubi idonka, har ya fara hawaye."

Iya ta yi dariya har da buga cinya. Kawu ya share ido da hannun riga, ya ce, "Haka za ki zauna, kina miƙa tuwo ta katanga cikin gidan mijinki?"

"Haka zan zauna. Hannuna na kaiwa."

Ta sunkuya ta ɗauko akushi ta miƙo. Tuwon gari ne da miyar kan kifi, manja na yawo sama, turiri na tashi.

"Sha-yawo, amshi na kawunka. Ya ɗaure ga turkenmu, baƙo ne. In kwana zai yi ka shimfiɗa mashi tabarmar ubanku. In tafiya zai yi, bari shi ƙoshi tukuna, sannan ka kwance mashi igiya."

Kawu ya zauna bakin jirgi ya wanke hannu cikin gulbi. Ya ci, ya suɗe akushin tas. Da rana ta karkata na kwance mashi igiya, na tura jirgin da ƙafa. Tabarmin da ya shimfiɗa suna nan yadda ya zo da su.